Yanda za ka zaɓi oba-oba don gonar gida ba tare da rubutun jikin kwali ya ruɗe ka ba

Abin da ya sa na ɗauki maganar rediyon oba-oba da zafi shi ne ranar da ƙanena ya tafi can ƙarshen gona wajen injin ban-ruwa, ƙafarsa ta zurma a wani rami bakin kwari ya faɗi ya karye a ƙauri. Wayarsa na aljihunsa fa, da caji da kati da komai, amma wajen gangare ne babu sabis ko layi ɗaya. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, mu kuma muna ta gefen gida muna gyaran shinge, tsakaninmu bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Sai da ya yi kusan awa uku a kwance cikin rana kafin Baba ya ce wai yaron nan shiru har yanzu, a je a duba shi. Allah ya taƙaita ya warke, amma har yau in na tuna yanda na same shi leɓensa a bushe yana ɗaga wayar sama ko za ta kama, sai in ji gabana ya faɗi. Tun daga ranar na shiga bin diddigin na'urorin nan, na saya na yi kuskure na sake saya, shi ya sa nake so in sauƙaƙa wa wani.

Amfanin oba-oba a gona a fili yake. Ba ta jiran turken kamfanin waya, ita da 'yar'uwarta suke magana kai tsaye, danna maɓalli ɗaya kowa da ke riƙe da ita ya ji ka a lokaci guda, ba neman lamba ba jiran a ɗauka, ko hannunka da laka ko da safar hannu za ka iya dannawa. Wanda tarakta ta kife da shi, ko injin niƙa ya ja rigarsa, ko maciji ya sare shi, ko sa ya take shi, ba shi da natsuwar buɗe waya yana laluben suna.

Mataki na farko, kar ka fara da shago, fara da gonar

Ɗauki takarda da biro ka zana gonarku ko da zanen bai yi kyau ba. Sa alama a gida ko rumfar da ake yawan samun mutum, sannan ka sa alama a duk inda mutum ɗaya yake zuwa aiki shi kaɗai, bakin rijiya ko injin ruwa, garke, rumbu ko sito, bayan tudu, cikin kwari, gefen daji. Auna nisan da ya fi kowanne tsawo daga gida, taswirar cikin waya za ta ba ka shi ko ka ƙirga da mitar babur. Sai ka rubuta abin da ke tsakani: tudu ne, bishiyoyi ne masu duhu, ginin siminti ne, ɗakin kwano ne. Wannan takardar ita ce za ta yi maka ciniki, domin tambayar da za ka je da ita guda ɗaya ce, shin daga wuri mafi muni a gonar nan murya za ta iso gida?

Rubuta kuma mutum nawa ne za su riƙe. Duk wanda ke fita aiki a ba shi tasa, ɗaya ta zauna a gida, in da hali a ƙara ɗaya ta ko-ta-kwana. Mutane da yawa guda biyu suke saya su ce a riƙa karɓa-karɓa, to ranar da abin zai faru sai ka tarar wanda ya tafi nesa shi ne bai ɗauka ba.

Mataki na biyu, maganar nisa, a nan ake cin kuɗin mutane

Za ka ga an rubuta a jikin kwali wai tana kai kilomita talatin ko hamsin. Ba ƙarya tsagwaronta ba ce, amma irin gaskiyar nan ce ta in mutum ɗaya ya hau ƙololuwar dutse ɗayan ma ya hau wani dutsen ba komai a tsakaninsu sai iska. Siginar irin waɗannan rediyo kusan miƙe take tafiya kaman hasken tocila, ba ta iya hawa tudu ta gangara ta same ka a kwari, kuma ita kanta duniya a lanƙwashe take. Akwai lissafin da masu harkar ke yi: eriyar da ke tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, wato a hannun mutum a tsaye, iyakar hangenta wajen kilomita 5 ne, in mutum biyu ne kowa a tsaye a fili fetal ka haɗa ya zama wajen kilomita 10, wannan kuma a takarda kenan inda ba bishiya ba gini ba komai. A aikace, ta hannu da ta hannu a gona mai itatuwa da ɗan tudu, in ka samu kilomita ɗaya zuwa uku murya tangaram ka gode Allah.

Sai maganar wat, wato ƙarfin da take watsa murya da shi. Mai shago zai ce maka wannan wat 8 ce wannan 10 ce, ka ɗauki babbar. Ka sani ninka wat ba ya ninka nisa, kafin nisa ya ninku sai ƙarfi ya ninku sau huɗu ko fiye, kuma batir ne ke biyan bashin. Ga shi wasu masu arha lambar da ke jikinsu ma ba ta kai abin da suke fitarwa ba. Abin da ke ƙara nisa da gaske tsayi ne. Eriyar da aka ɗaga mita 9 a kan gida hangenta ya haura kilomita 12 ita kaɗai. Shi ya sa ƙaramar rediyo mai eriya a sama take doke babba da ke cikin kwari, zan dawo kan wannan a ƙasa don shi ya warware mana matsalarmu.

Mataki na uku, VHF ko UHF

Waɗannan zango biyu ne na siginar. Na'urorin aiki na VHF galibi suna tsakanin megahaz (ma'aunin mitar rediyo) 136 zuwa 174, na UHF kuma 400 zuwa 470. VHF ta fi jin daɗin fili da jeji da gona mai faɗi, ganye bai cika shanye ta ba sosai, sai dai eriyarta ta fi tsawo. UHF ta fi iya kutsawa ta ƙofa da taga da tsakanin gine-gine, eriyarta gajera ce ba ta sukar mutum a haƙarƙari in ya sunkuya. In gonarku fili ce mai tsawo da itatuwa, VHF. In yawancin aikin cikin ɗakunan kaji ne da sito da garejin injuna, UHF. In ƙaramar gona ce da ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu ba gaskiya kowacce za ta yi, kar ka wahalar da kanka. Abu ɗaya dai, duk na gidan su zama zango ɗaya, mai VHF zalla ba za ta taɓa jin mai UHF zalla ba ko kuna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Akwai kuma wasu da siffarsu ta oba-oba ce sak amma sim ake sa musu, ta intanet ɗin waya suke aiki. Suna kai ko'ina in akwai sabis, in babu kuwa sun zama dutse a aljihu, wato dai matsalar da ta kwantar da ƙanena ce aka sake mata riga. Tambayi mai sayarwa ƙarara ko tana buƙatar sim.

Mataki na huɗu, doka

Iska ma da masu ita, kowace ƙasa tana da hukumar da ke raba zangon rediyo, kuma abin da aka halatta a wata ƙasa laifi ne a wata. A Turai akwai nau'in oba-oba da ake kira PMR446 da kowa zai iya riƙewa ba lasisi, rabin wat ce kawai kuma ba a cire eriyarta. A Amurka akwai FRS mai tasha 22 wadda ba ta wuce wat 2 ba, ita ma ba lasisi, da MURS mai tasha 5 a zangon VHF, sai GMRS da ke buƙatar lasisin hukumar FCC, ba jarrabawa, yana shekara 10 kuma lasisi ɗaya ya ishi iyali gaba ɗaya, ya ba ka damar ƙarin ƙarfi da eriya ta waje. A Ostareliya UHF CB suke amfani da ita a megahaz 477 mai tasha 80, an ware tasha ta 5 da ta 35 don neman agaji kawai. Ka ga kenan ba wata doka guda da ta game duniya, sai ka tambayi hukumar sadarwa ta ƙasarku wane zango ne na kowa da kowa, wane ne sai da takarda.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan, akwai ƙananan rediyo masu arha irin Baofeng UV-5R da suka cika kasuwa, suna da madannan lambobi a gaba ka iya buga kusan kowace mita ka yi magana a kai. Mutum bai sani ba sai ya faɗa kan tashar jami'an tsaro ko ta masu kashe gobara, ko megahaz 156.8 da jiragen ruwa ke neman ceto a kai, yana can yana cewa a kawo masa fartanya ya toshe wa wani kiran rai da mutuwa. Ko ba maganar kamu wannan ba daidai ba ne. Kuma don gonar gida ma ban ba da shawarar mai madannai da yawa ba, yaro zai taɓa wani abu ko tsoho ya danna bisa kuskure tasha ta canza a wuni ba a jin juna. Wadda ke da abin murɗawa biyu kacal, na ƙara da na tasha, ita ce ta gona.

Mataki na biyar, riƙe ta a hannu ka duba jikinta

Nemi lambar IP. Lamba biyu ce ke bin haruffan, ta farko ƙura ta biyu ruwa. IP54 na nufin tana jure ƙura daidai gwargwado da fantsamar ruwa, IP67 kuwa ƙura ba ta shiga sam kuma za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. In ka ga X a wajen lamba, kaman IPX4, wannan ɓangaren ba a gwada shi ba ne. Mai aikin ban-ruwa ko wankin garke IP67 ya dace da shi, sauran IP54 ta wadatar. Ƙura ta fi ruwa kashe rediyo a gona a ganina, musamman lokacin casa da niƙa, ga shi lasifikarta na da maganaɗisu da ke jawo garin ƙarfe in kana zama kusa da wajen walda, sannu a hankali murya ta koma kaman ana magana cikin tulu.

Sa safar hannun aikinka ka danna maɓallin magana ka ji ko yana danuwa ba tare da ka duba ba. Ja maƙalin da ake rataya ta da shi a bel da ɗan ƙarfi, shi ne abin da ya fara karyewa a tawa ta farko, kuma rediyon da ba ta da maƙali ƙarshenta a kan kujerar tarakta za a bar ta, in tarakta ta kife kai kana nan ita tana can. Zaɓi launi mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko rawaya, baƙa in ta faɗi cikin ciyawa sai an sha wahala. Sannan ƙara, ka kunna ta kusa da inji yana aiki ka ji. Ƙarar tarakta mara rufi tana iya haura desibel 90 a ma'aunin ƙara, a wannan hayaniyar rediyon da ke ƙugunka ba za ka ji ta ba, sai ka haɗa da ƙaramin makirfon mai lasifika da ake maƙalawa a kafaɗa kusa da kunne. Amma dan Allah ka bi da wayarsa ta cikin riga, waya mai lilo kusa da sandar da ke juya inji a bayan tarakta ko bel ɗin injin niƙa haɗari ce babba.

In kuna aiki cikin rumbun hatsi na zamani mai ƙura a rufe, ko kusa da tankin mai da gas, akwai rediyo na musamman da aka ƙera don kar su yi tartsatsi, a Turai alamar ATEX ake sa musu. Ƙurar hatsi in ta taru a rufaffen wuri tana iya fashewa.

Mataki na shida, batir

In an rubuta awa 12 ko 18, yawanci da lissafin 5-5-90 aka auna, wato kashi 5 na lokacin kana magana, kashi 5 kana saurare, kashi 90 tana kunne shiru. In gidanku masu hira ne lissafin zai rushe. Nemi wadda awanninta suka zarce wuninku na aiki da rata mai kyau, wadda ake iya cire batirinta a sa wani, kuma ka tabbatar ana samun batirin a kasuwa kafin ka biya, domin batirin litiyom bayan 'yan shekaru sai ya gaji ko da rediyon lafiyarta ƙalau. Zafi ne babban maƙiyinsa, kar a bar ta a gaban gilashin mota cikin rana, in ka ga batir ya kumbura cire shi nan take kar ka sake caja shi. Inda wuta ba ta tsayawa, mai caji da USB ko da batirin mota na bolt 12 ta fi, ƙaramin sola ma zai riƙe ta. Wasu ƙananan suna karɓar batirin AA na shago in nasu ya mutu, wannan ma rufin asiri ne.

Mu abin da muka yi, katako ɗaya muka kafa a bakin ƙofa aka jera cajojin a kai, kowace rediyo da lambarta da fenti. Da yamma in gurbi ɗaya ba kowa, ko dai an manta rediyo a gona ko mai ita bai dawo ba, duka biyun kuma abin tashi a duba ne.

Mataki na bakwai, ƙarin fasahohi, wanne ne na gaske

Maɓallin gaggawa, galibi ja ko ruwan lemo a sama, yana da amfani ƙwarai, dannawa ɗaya sauran rediyon su ɗau ƙara, wasu ma suna buɗe makirfon na ɗan lokaci mutum ya yi magana ba tare da ya riƙe komai ba. Sai dai ka gwada a gaban mai shago, a wasu masu arha ƙarar a jikin taka kawai take tashi ba ta zuwa ko'ina. Manyan na aiki na kamfanoni irin Motorola da Kenwood da Icom wasunsu na da fasahar da in rediyo ta kwanta a karkace ko ta daina motsi na wani lokaci sai ta aika ƙararrawa da kanta, da wata da ke yin ƙara lokaci-lokaci in ba ka taɓa ta ba ta sanar da gida. Ga wanda ke wuni shi kaɗai ko dattijo wannan ya cancanci kuɗinsa.

VOX, wato murya ta kunna magana ba sai ka danna ba, kusa da inji bala'i ce, ƙarar inji za ta riƙe tashar ba wanda zai iya shiga. A kashe ta.

Sai abin da suke kira lambar sirri, CTCSS ko DCS. Sunan yaudara ne, ba ta ɓoye maganarku, abin da take yi kawai ta toshe maka kunne daga jin wasu da ke kan tashar, su kuwa duk wanda bai sa lamba ba yana jin ku sarai. Don haka kar a riƙa faɗin inda aka ajiye kuɗi ko cewa yau gida ba kowa. Kuma in lambar ɗaya ta saɓa da ta sauran za ku ga kuna tasha ɗaya amma shiru, mu mun yi kwana biyu muna zaton rediyon Baba ta lalace ashe wannan ne.

Mataki na takwas, ta gida

In gwaji ya nuna akwai lungun da ba ya kamawa, kafin ka sayi masu ƙarin wat ka fara ɗaga eriyar gida, in dokar zangon da kake kai ta yarda da eriyar waje. Rediyon tebur ko irin ta mota da batir bolt 12, eriya a kan dogon ƙarfe saman rufi, waya mai kyau kuma gajera gwargwadon iko don doguwar waya mara kyau tana shanye sigina. Mu da muka yi haka kwarin nan da ƙanena ya faɗi ya dawo ana jin sa raɗau. Wajen kafa ƙarfen ku nisanci wayar lantarki nesa sosai, ku lissafa ko da zai faɗi ba zai taɓa ta ba, a kuma yi masa waya zuwa ƙasa saboda tsawa, in hadari ya taso da walƙiya a cire wayar eriyar daga rediyon. Kar a taɓa danna magana eriya a cire, yana iya ƙona na'urar. In tudu ne babba ya raba gonar biyu sai an kai ga rifita, na'urar da ake ɗorawa a sama ta karɓi murya ta sake watsawa, ita kuma kusan ko'ina sai da lasisi.

Ka tuna oba-oba ba ta kiran asibiti ko motar agaji. Aikinta ta kai murya gida, na gida shi zai kira da waya. Saboda haka ta gida ta zauna inda ake jin ta kuma inda waya ke da sabis, a liƙa takarda a bango kusa da ita da lambobin gaggawa da kwatancen hanyar gonar a rubuce, don mutum in ya ruɗe ko sunan hanyar gidansu sai ya ɓace masa.

Mataki na tara, gwaji da sabo

Ka roƙi mai sayarwa ya yarda ka dawo da su in ba su yi ba, ko ka fara sayen biyu tukunna. Mutum ɗaya ya zauna a gida, kai ka ɗauki takardar nan ta farko ka bi duk alamomin ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri ka yi kira a tsaye, sannan ka kwanta a ƙasa rediyon na jikinka ka sake kira, domin wanda ya ji ciwo a kwance yake kuma siginar na raguwa sosai a nan. Shiga cikin ɗakin kwano ka rufe ƙofa ka gwada, hau tarakta inji na aiki ka gwada. Ka maimaita gwajin in shuka ta yi tsawo ganye ya cika, masara da ta fi mutum tsayi tana jiƙe da ruwa tana rage nisa, abin da ya yi aiki gona a share ba lallai ya yi ba a lokacin. Inda bai kama ba ka nemo wuri mafi kusa da yake kamawa ka ɗaura ƙyalle a bishiya kowa ya san shi.

Sai a zauna a koya wa kowa har yara da tsofaffi. Eriya a tsaye take kallon sama, rediyon ɗan nesa da baki kaman faɗin yatsu uku, ka danna ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya kafin ka fara don kar kalmar farko ta yanke, ka gama ka saki, in ba ka saki ba ba za ka ji amsa ba kuma ka hana kowa magana. A sa wa sassan gona sunaye da kowa ya sani. Kiran ya zama gajere, kaman haka: "Baba, Yaya ne, ina bakin injin ruwa, kuna ji na?" shi kuma ya ce "Ina jin ka, ci gaba." In gaggawa ce a maimaita kalmar "agaji" sau uku, a fara da wuri kafin a faɗi abin da ya faru, ko da batir zai mutu a tsakiya an dai san inda za a nufa, kuma duk wanda ya ji ya yi shiru ya bar tashar.

A gidanmu duk mai fita sai ya yi kiran gwaji daga bakin ƙofa ya faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo, mai aiki shi kaɗai kuma yana taɓo gida duk bayan awa ɗaya ko da kalma biyu ce. In lokaci ya wuce da minti 15 ba a ji shi ba Inna ta kira shi sau uku, in shiru ne ba a tsayawa cewa ƙila batirinsa ne ya mutu, mutum biyu suke tashi, ɗaya da rediyo da ruwan sha da akwatin taimakon farko, ɗaya kuma ya tsaya kusa da waya a gida.